Makau Tela da Wayar Kan Taga

Duk wanda ya bi ta layin teloli a kasuwar Anka ya ji ihu daga shagon ƙarshe, kada ya ruga neman ruwa, ba gobara ba ce. Makau ne ya ci tsere. In ka leƙa za ka tarar da shi tsaye a bayan keke, tef a wuya, alli a bayan kunne, ya ɗaga waya sama yana nuna wa maƙwabta, su kuwa ko ɗago kai ba sa yi don sun saba.

Mutum ne siriri mai ɗan gemu, ya haura arba'in, 'ya'yansa huɗu. A aljihun gaban rigarsa akwai waya mai tsagaggen gilashi, a cikin wayar akwai gem na tseren motoci, kuma Allah ya jarabci bawan nan da son wannan abu. In ka ce masa wasan yara ne sai ya ce ka zo ka gwada, in ka ƙi ya bi ka da wayar har bakin titi.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne inda yake samun lokaci. Matarsa Dije tana suyar ƙosai a ƙofar gida tun da sassafe, saboda haka wankan yara da neman takalmin da ya ɓace duk a wuyansa suke. Ya ɗora Kamalu da Fauziyya a babur ya kai makaranta, ya dawo ya ɗauki Abba, autansu mai rarrafe, ya tafi da shi shago har uwarsa ta sauke kasko. Ga masu kaya, waɗanda ba sa zuwa sai ranar da suka tabbata bai gama ba. Don haka gem ɗin Makau na tsinta-tsinta ne. Yana yi kafin gawayin dutsen guga ya kama, yana yi a layin shan mai, yana yi a bencin asibiti ranar rigakafi, Abba a cinya, waya a hannu guda.

Abokinsa Hamisu, mai gidan gem a Gummi, shi ya gaji da kiran da Makau ke yi masa duk sanda ya ci wani mataki. Ya ce masa, «Don Allah ka bar cika mani kunne. Buɗe shafi a Fesbuk ka riƙa zuba ma duniya, ni ma in huta.» Makau ya ɗauki maganar da gaske, ya buɗe shafi ya sa masa suna Gem da Goyo. Abin da ya fara rubutawa har yau ana tuna masa:

«Jama'a, gem ɗin yaƙin ga da anka ce in gwada, na gwada. Ba na mai iyali ba ne. Ba shi tsayawa. Abba ya yi mani fitsari a cinya, kafin in miƙa shi ga uwatai an halbe ni, an kwashe kayana. Wanda duk yay yi gem ɗin ga bai taɓa riƙon yaro ba.»

Nan da nan shafi ya kama. Ashe irinsa suna da yawa, kowa ya ɓuya yana tsoron a ce girma ya faɗi. Malaman firamare daga Bukkuyum, direbobin tasha, wata ma'aikaciyar asibiti a Gummi da ta ce ita tana nata ne kafin ruwan tuwo ya tafasa, duk suka hallara. Makau ya zama alƙalinsu. Kowane gem aka kawo masa, abin da yake fara dubawa shi ne ko ana iya buga shi da hannu guda, kuma in an kira salla ko yaro ya tsala kuka zai tsaya ya jira mutum. In ba ya tsayawa, komai kyansa, Makau zai ce a kai wa gwauraye.

'Ya'yansa ma suka yi suna a shafin. Kowa ya san Kamalu mai gaggawa, wanda ke kai mota cikin rami tun ba a ce a tashi ba. Kowa ya san Fauziyya da ta zaɓi mota don launinta kawai, da Abba da ya tauna wayar caji. Mutum guda ne a gidan bai taɓa fitowa a rubutun ba, ita ce Amira, 'yar farinsa.

Makau tashin Dareta ne, kuma a gidan da ya tashi ba a wasa da kunyar ɗan fari. Innarsa har gobe ba ta taɓa kama sunan yayansa, ɗanta na fari, ba. Ga shi kuma sunan Inna aka mayar wa yarinyar, Saude, shi ya sa ake ce mata Amira. Kunya ta zama biyu ke nan. Sunan yanka sau ɗaya ya taɓa fita daga bakinsa, ranar da aka haife ta ya yi mata huɗuba a kunne. Ko Amiran ma ba ya faɗa. In yana son ruwa sai ya ce wa iska, «A ba ni ruwa,» ruwa ya zo. In ya ɗinka mata kayan Salla, Dije ce mai awo, Dije ce mai miƙawa. Samarin yanzu da ke ɗora hoton 'ya'yan farinsu a waya suna rubuta musu kirari, Makau kallon marasa ta ido yake yi musu.

Amma son da yake yi wa yarinyar nan ya fi na kowa, kuma akwai ciwo a cikinsa. Tana goye aka yi shekarar gubar dalma. Lokacin shi ma dutsen zinariya yake niƙawa a cikin gida kamar kowa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe, ba wanda ya san mutuwa ce. Yara da yawa suka tafi. Amira ta sha magani ta rayu, sai dai maganarta ta zo da nauyi, karatu ma a hankali take binsa. Yara suka riƙa kwaikwayonta a makaranta har ta zama mai zaman tsakar gida, ba ta son taro. Tun daga shekarar Makau bai sake taɓa dutse ba. Ya dawo Anka ya koyi ɗinki, kuma duk sanda ya ji ta tana jan kalma sai ransa ya sosu.

A gidan akwai taga tsakanin ɗakinsa da tsakar gida, nan wayar wutar sola ta biyo, nan yake jona wayarsa in ya dawo cin abincin rana kafin ya wuce masallaci. A gem ɗin kuwa akwai wata hanya mai duwatsu da ta gagare shi, kwanarta ta ƙarshe kullum sai ta watsar da shi. Ran nan ya dawo daga azahar ya cire waya, sai ya ga an ci hanyar, an kuma kafa lokacin da ko a mafarki bai taɓa yi ba.

«Kamalu!» ya ƙwala kira.

Dije tana wankin kasko ta ce, «Kamalu shina makaranta tun safe, kai ka kai shi.»

«To wa yat taɓa mani waya?»

«Wa kag gani gidan ga ban da ni da ɗiyakka? Ni kau hannuna duk mai na.»

Makau ya dubi bakin murhu. Amira na zaune tana tsince shinkafa, kanta a sunkuye, kamar ba da ita ake ba. Ya sa waya a aljihu ya fice, amma a hanya har ya wuce shagonsa bai sani ba, ranar kuma ya ɗinka wa wani alhaji aljihu a juye saboda murna.

Daga nan aka buɗe yaƙi, yaƙin da ba a taɓa yin maganarsa ba. Makau ya yi ta fama a shago har ya karya lokacinta da ƙyar, ya dawo gida yana taƙama, ya jona waya a taga, ya yi gyaran murya ya tafi masallaci. Kafin ya dawo an rushe masa. Wani lokaci sai ya tarar an canza wa motar taya, ya gwada ya ga ashe haka ya fi. Shi ma in ya gano wata gajeriyar hanya sai ya bar gem ɗin a buɗe daidai wurin don a gani. Mutumin da a da yake jan ƙafa wajen dawowa cin abinci, yanzu rana na take tsaka ya rufe shago. A shafi kuwa abin ya ci shi har ya kasa yin shiru, ya rubuta cewa a gidansu an samu wani direba da ya hana shi sakat. Jama'a suka yi ca, wane ne? Ya ce wani ne dai.

Dije ce ta tare shi wata rana yana ɗaure wa Abba wando. Ta ce, «Ka san tana karanta abin ga da kaka rubutawa? Da wayata take bi, layi-layi, sai ta kai ƙarshe. Ta ga Kamalu, ta ga Fauziyya, har Abba da bai san mi duniya ke ciki ba. Kullum nema take ta ga kanta. Rannan tac ce mani, wai ni ce wani?»

Makau ya ci gaba da ɗaurin wandon. Ya ce, «Ke ma kin san yadda abin yake.»

«Na sani. Ita ta ba ta sani ba.»

Maganar ta zauna masa a ƙirji, amma bakinsa ya riga ya saba da rufuwa. Ana cikin haka kuma ya jawo wa kansa aiki da hannunsa. Wata rana cikin zumuɗi ya rubuta cewa ya kamata iyayen shafin nan su haɗu ido da ido a yi gasa, kowa ya zo da ɗansa ko 'yarsa, uba ya yi zagayen farko ya miƙa wa yaro waya mota na tafe, yaro ya ƙarasa. Kafin la'asar magana ta fi ƙarfinsa. Hamisu ya ce zai kawo babbar talabijin da janareto daga Gummi, a haɗa wayoyi kowa ya gani. Mutanen Bukkuyum suka ce mota guda za su ciko. Aka sa kashegarin ƙaramar Salla da hantsi, a filin wata makaranta a Anka, don baƙi su kama hanya da sauran rana. Har kofi aka saya, na roba mai ruwan zinariya.

Kamalu ya riga ya gaya wa duk unguwa cewa shi zai ɗauko kofin. Suka gwada da ubansa a shago, Makau ya miƙa masa mota tana kan gaba, kafin ƙiftawar ido yaron ya kai ta cikin kogi ya ce wayar ce ba ta da kyau. Makau ya san wanda ya kamata ya tafi da shi, duk gidan ma an sani. To amma ya zauna benci guda da 'yar farinsa a gaban mutanen garuruwa uku? Ga aikin Salla ya taso, kaya har rufin shago, yana taka keke yana wannan tunani.

Ana gobe Salla Inna ta iso daga Dareta da ƙullin daddawa da kaza a kwando. Ita Makau ya fi jin tsoro a maganar. Ashe Dije ta riga ta kwance mata komai. Ranar Salla da yamma, bayan an ci an sha, tsohuwa ta kira shi gefe ta ce, «An ce gobe kuna da wasan mota, kuma takwarata ta fi ka iyawa.»

Ya sosa ƙeya ya ce, «Haka anka ce, Inna.»

«To mi ka hana ka tahi da ita?»

«Inna, ido. Mutane za su ce mi?»

Inna ta harare shi. «Ran da kas sungume ta tana sanƙarewa kar ruga wurin likitoci, ba hula ba takalmi, kana kuka gaban kowa, wa ka yi ma kunya? Tashi ka ba ni wuri. Ni ma za ni, in ga abin da ka hana ka girma.»

Makau ya fito tsakar gida cike da murna. Ya tsaya ya fuskanci randar ruwa, ya ɗaga murya ya ce, «A hwaɗa ma direban gidan ga shi shirya, gobe da hantsi muna da aiki.» Kamalu ya yi tsalle, Dije ta ce masa ya zauna ba da shi ake ba. Daga cikin ɗaki aka ji kwano ya faɗi.

Kashegari fili ya cika. An kafa talabijin a inuwar dalbejiya, maza a benci, mata a tabarmi ta gefe, yara har kan katanga. Mutanen da suka shekara suna zolayar juna a shafi yau suka ga fuskokin juna, ana ta rungume-rungume da shewa. Makau ya rasa inda zai sa kansa, wannan ya ja shi hoto, wancan ya ce ina Abba mai cin waya. Amira na bayan uwarta cikin sabon hijabi ruwan toka, ta riƙe gefensa gam.

Hamisu ya ɗauki lasifika yana kiran 'yan wasa. «Makau Tela, mai Gem da Goyo, da wa za ka shiga?»

Makau ya nuna da haɓa ya ce, «Da wagga.»

Fili ya kwashe da dariya, don kowa ya gane. Dije ce ta ɗaga murya daga tabarma ta ce Amira, Hamisu ya maimaita a lasifika. Yarinya ta taso a hankali ta zauna a can ƙarshen bencin, tsakaninta da ubanta mutum biyu za su iya zama.

Aka tashi karon farko. Makau ya yi zagayensa lafiya, da lokacin miƙawa ya yi sai sabo ya yi halinsa, ya ajiye wayar a kan benci tsakaninsu kamar a taga. Kafin ta miƙa hannu ta ɗauka mota ta yi gefe, abokin karawa ya wuce fuu. Mutane suka ce kash. Amira ta gyara zama, ta sa manyan yatsunta biyu a gilashi, sai motar nan ta miƙe. Ta bi kwana kamar an ja zare, ta cim ma yaron, ta wuce shi ta ciki. Wurin ya kaure. Inna da ba ta san wace mota ce tasu ba ta rangaɗa guɗa tun kafin a gama, aka ce mata ta yi daidai. Karo na biyu ma haka aka yi, waya a benci, Amira ta biya bashin jinkirin ta ƙara da nata. Masu sharhi a shafi suka fara nuna ta suna cewa ashe wannan ce wani.

Karon ƙarshe ya zo da Maharazu, direban tasha daga Bukkuyum, da ɗansa Bilyaminu, kuma aka zaɓi hanyar nan mai duwatsu. Maharazu ba kanwar lasa ba ne, ya matse Makau tun daga tashi, suka zo wurin miƙawa yana gaba da tsawon mota guda. Makau ya ga in ya ajiye a benci an gama da su. Bai san sanda ya matsa ba, ya kama hannun yarinyar ya danƙa mata wayar a tafi.

Ta karɓa ta bi Bilyaminu. Ya toshe dama, ta gwada hagu, ya toshe. Fili duk an miƙe tsaye, masu kan katanga suna dirowa, janareto ma ba a jin ƙararsa. Makau ya hau kan benci da takalmi, hula a hannu. Ga kwanar ƙarshe ta taho, wadda ta sha watsar da shi, ga Bilyaminu ya buɗe ta ciki kaɗan, ga hancin motarta ya shiga. Makau ya ƙwala ihu da iyakar muryarsa:

«Saude! Ta ciki, Saude! Bi ta ciki!»

Amira ta ɗago kai daga wayar ta dube shi. A talabijin motarta ta tafi kai tsaye ta daki dutse, Bilyaminu ya tsallake layi, mutanen Bukkuyum suka ɗauke shi sama. Amma rabin fili ba kofi suke kallo ba. Inna ta riƙe haɓa tana salati tana cewa, «Yau na ga ta kaina, ɗan ga ya kama sunana gatsal tsakar jama'a!» mata suna dariya har da hawaye. Makau ya sauko daga benci ya toshe baki da hula, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Amira kuwa ko motar ba ta sake kallo ba. Ta jawo maganar a hankali yadda ta saba, ta ce, «Baba, ashe ka san sunan.»

Idon Makau ya kawo ruwa. Ya ce, «Ni nis sa maki shi.» Karo na farko ke nan da ya yi mata magana ita da kanta, ba randa ba, ba iska ba.

Aka ba Maharazu kofi, aka yi hotuna, baƙi suka fara haramar tafiya. Hamisu yana naɗe wayoyi yana cewa bai taɓa ganin wanda ya sha kashi yana washe baki irin Makau ba. Shi kuwa ya koma bencin ya zauna, Abba a cinya, ya buɗe shafi da hannu guda. Amira ba ta koma ƙarshen benci ba. Ya rubuta cewa sun zo na biyu, kuma laifinsa ne, shi ya firgita direba. Sannan ya ce jama'a sun daɗe suna tambayar wane ne direban gidansu. Nan babban yatsansa ya tsaya cak, ya waiga ya ga Inna ta juya baya tana neman takalminta, ya yi maza ya ƙarasa, ya miƙa wa yarinyar wayar hannu da hannu.

Ta bi rubutun da yatsa, layi-layi, leɓenta na motsi, har ta kai ƙasa inda aka ce ɗiyata ce ta fari. Ta karanta kalmar ƙarshe a fili, gaɓa-gaɓa, «Sa-u-de.» Dije ta kira su a tafi gida, Amira ta ce tana zuwa, ta mayar da yatsanta sama ta sake farowa daga farko.